Ɗan'uwa Na Jini

Sabuwar dokar kwangila ta ce duk aikin da ma'aikatar jiha za ta bayar sai an buɗe tayin kowa a gaban kwamiti, kuma an hana jami'i ba ɗan'uwansa na jini aiki. Kafinta ya ji haka a rediyo yana goge katako, sai ya dakata da aikin. Yayansa ne shugaban sashen sayayya a ma'aikatar ilimi, aikin kujerun makarantu da Kafinta ya ƙwallafa rai a kai kuwa ta hannunsa zai bi.

"Kai dai ka zo," in ji Yaya a waya. "Ka sa rigar kirki, ba mai warin fentin nan ba."

Ya je. Ɗakin taron ya cika, fanka ɗaya ke juyawa. Shugabar kwamitin, wata dattijuwa mai tabarau, ta karanta tayin kowa. Nasa ya fi sauƙi.

Wani ɗan kwangila mai tumbi ya ɗaga hannu. "Ranki ya daɗe, ai wannan ƙanen mai sayayya ne. Ko dokar ta tafi hutu ne?"

Yaya ya gyara zama, bai ko dubi Kafinta ba. "Dokar cewa ta yi na jini. Wannan riƙonsa aka yi a gidanmu. Maƙwabciyarmu ce ta rasu ta bar shi jariri, mahaifiyata ta ɗauko shi. Babu abin da ya haɗa mu."

Kafinta ya san da zancen tun yana ƙarami. Amma har Inna ta koma ga Allah ba ta yarda an furta shi a gidan ba. Shi kansa Yaya ya taɓa fasa wa wani baki a makaranta don ya kira Kafinta ɗan riƙo.

"Haka ne, malam?" Shugabar ta tambaye shi.

Kafinta ya miƙe. "Nono ɗaya muka sha, ranki ya daɗe."

"To, nono dai ba ya cikin doka."

Aka yi dariya, mai tumbi har da buga tebur. Kafinta ya jira ta lafa.

"A cire sunana," ya ce, ya fita.

A bakin matakala Yaya ya cim masa, ya riƙe masa hannun riga. "Kanka ɗaya kuwa? Don kai na yi. Shagonka ya kusa mutuwa, ka tsaya kana yi mini fushin yara."

"Na sani."

"Magana ce kawai ta ofis."

"Ko gargada ba ka yi ba, Yaya. Tun yaushe take bakinka?"

Yaya ya saki rigar. Ya buɗe baki, sai masinja ya leƙo ya ce kwamiti na jiransa. Ya ɗan yi jim, sannan ya gyara hularsa ya koma ciki.