Zanena Bai Mutu Ba

Ni mai ɗinkin surfani ce da inji, kuma duk zanen furannin da na yi tun buɗe shago a cikin kwamfuta ɗaya yake. Autanmu ne ya haɗa min ita. Ni na goya shi, don haka har mabuɗin shago na ba shi, da kalmar sirri.

Wata safiya na kunna ta, ta buɗe wayam, ko fure ɗaya babu. Auta ya zo ya danna nan ya danna can, ya riƙe kai.

"Yaya, sai haƙuri. Komai ya goge."

Na yi kuka kamar an yi min rasuwa, shi ne ma mai miƙo min hankici. Na koma zane daga farko. Kafin in farfaɗo, masu kawo min aiki sun koma wani sabon shago a bayan layinmu, inda furanninsu suka yi kama da nawa kamar an tsaga kara. Na ce ido ne ke yaudarata.

Da fankar kwamfutar ta fara ƙara, na kai wa wata mai gyara. Ta jima tana kallon allon, sannan ta cire tabarau.

"Hajiya, wa ya ce miki kayanki sun goge?"

"Ƙanena."

"To, ji nan. Idan kin kunna, akwai 'yar manhajar da ke tada kwamfuta. Ita ba ta san hanya ba, sai ta karanta wani fayil da ke gaya mata inda za ta nufa. Wani ya sauya mata wurin da take neman fayil ɗin. Sabon yana kai ki ɓangaren da babu komai. Tsohon na nan lafiya lau."

"Ba kuskure ba ne?"

"Kuskure ba ya barin ƙofar baya. An shirya shi yadda in an riƙe wani maɓalli, sai ta shiga wajen zanenki. Ko jiya an shiga."

Jiya Auta ya zo gaishe ni, ya ce in je in ci abinci zai tsare min shago. Har albarka na sa masa, ni sakarya.

Ta mayar da manhajar kan tsohon fayil, ta sake kunnawa. Furannina suka cika allo, har da wanda na fara zanawa, mai karkataccen ganye. Ban yi murna ba.

Da la'asar na ajiye kwamfutar tana kallon ƙofa. Auta ya shigo da sallamarsa da fara'arsa, idonsa ya sauka kan allon. Na ba shi lokaci. Wallahi da ya ce "Kai, Yaya! Ya aka yi suka dawo?" da na nemo masa uzuri ko daga ina ne.

Bai tambaya ba. Ya laluba aljihu, ya ajiye mabuɗin shagon a kan teburin yanka.