Ɗankwalin Eva

Ranar Lahadin zumuntar mata, Victoria ce za ta yi wa'azi. Da sassafe ta ɗaura zanen ƙungiya, ta tsaya a ƙofar majami'arsu ta Lamorde tana tarbar mutane. A ciki mata sun riga sun fara buga tulu, waƙa tana tashi.

Can sai ga Eva, matar ƙanenta marigayi, ta sauko daga mashin. Tun rasuwar mijinta Eva ta koma Betso, ta daina zuwa sujada. Victoria ce ta yi ta aike tana roƙonta, har ta yarda za ta zo yau. Amma ga ta nan, kanta a buɗe, kitso a fili.

"Matarmu, ina ɗankwalinki?"

"Yaya, iska ta ɗauke shi a hanya. Na ce wa mai mashin ya tsaya, ya ce sai dai in bi shi cikin gonar dawa."

Matan dattawa biyu suna tsaye kusa, suna kallo. Victoria ta ji idanunsu a bayanta.

"Ba ni na faɗa ba, Littafi ne. Mace ba ta addu'a da kai a buɗe. Je ki nemo ki dawo."

Eva ta dube ta, ta dubi matan, ta ce, "To, Yaya." Ta juya.

Da lokacin wa'azi ya yi, Victoria ta hau bagadi da niyyar fara jan kunnen 'yan mata a kan rufe kai. Ta buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Korintiyawa tana laluben ayar. Karatunta a hankali yake, da yatsa take bi. Ta wuce wurin ba ta sani ba, yatsan ya sauka inda aka ce mata su yi shiru a cikin taron ikilisiya. Ta sake bi. Wasiƙa ɗaya ce, mutum ɗaya ya rubuta. Ga ta tsaye da lasifika a hannu, maza cike da benci suna jiran ta buɗe baki.

Ta yi magana a kan haƙuri, ba ta san me ta faɗa ba. Idonta yana ƙofa. Eva ba ta dawo ba.

Bayan an tashi ta tsayar da Fasto Alex a gindin darbejiya, ta nuna masa wurin.

"Mama, wannan saboda hayaniyar matan Korinti aka rubuta," in ji shi. "Ba dokar kowane zamani ba ce. Da haka ne, da wa zai riƙe mana majami'a? Mu maza ko waƙa ba mu iya ɗauka."

"To ta ɗankwali fa? Ba su aka rubuta wa ba?"

Fasto ya sosa ƙeya. "Su ne. Malamai ma ba su gama jayayya a kai ba. Mu dai mun tarar iyayenmu mata suna ɗaurawa, sai ta zauna mana daidai. Duka maganar Allah ce, amma ba duka muke riƙewa da ƙarfi ɗaya ba. Me ya faru?"

Ta rufe Littafin, ta yi masa sallama.

Washegari ta hau mashin zuwa Betso. Ta tarar da Eva a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Suka gaisa gaisuwar baƙi. Victoria ta zauna a ƙasa, ta jawo kwanon gabanta, ta kama ɓara.

"Jiya ina kika je?"

"Na tsaya bayan taga. Na ji wa'azinki."

Victoria ta sunkuyar da kai, har gyaɗar ta suɓuce mata.

"Tsoron matan nan na ji, ba na Allah ba. Ki yafe mini. Ki zo ran Lahadi, kusa da ni za ki zauna."

Eva ta ɗebo wata gyaɗar, ta amsa.

"Akwai majami'a nan kusa, Yaya. Can zan fara gwadawa."

Victoria ta ce to. Ta zauna har suka gama kwanon.