Kifin da Ba Shi da Hujin Ƙugiya

Kwana uku ke nan Sotir yana buɗe bakin kifi kafin ya tsaga cikinsa. A da ba ya haka. Ɗansa Spiro zai dawo daga teku da hantsi ya dire akwatin a bayan ɗakin girki, shi kuma ya zauna da wuƙa da bokiti ya kankare ɓawo, ya fitar da kayan ciki, ya jera kifin a kan ƙanƙara. Amma ranar Litinin wani kifi da suke kira koce ya lanƙwashe a hannunsa kamar jiƙaƙƙen tsumma. Da ya tsaga shi sai ya tarar ƙashin bayan ya karye gida huɗu, jini ya kwanta a jikin ƙashin. Ya zura yatsa a bakin kifin ya laluba, babu hujin ƙugiya. Ya juya shi ya duba wuya, babu zanen raga.

Abu ɗaya ne ke yi wa kifi haka, kuma Sotir ya san shi. A shekarar da aka fasa rumbunan makaman sojoji, nakiya ta yi yawa a gaɓar nan har ana ajiye ta a bayan ƙofa. Shi da yayansa Miho sun yi ta jefa ta a ruwa don kama kifi. Miho ne mai kunna lagwani da bakin sigari, Sotir na riƙe da jirgi. Wata safiya lagwanin ya ci da sauri. Tun daga ranar hannun daman Miho ya tsaya a gwiwa, Sotir kuma bai sake taka jirgi ba.

Yanzu Miho ne ke tsayawa bakin titi da takardar abinci a maƙale a dungulminsa, yana ɗaga wa motocin matafiya hannun da ya rage. Tebur goma sha biyu gare su a gidan abincinsu, a ƙarƙashin itatuwan zaitun. Katina matar Sotir na kan tukwane, Sotir na kan garwashi, Spiro kuma in ya yi barcinsa na hantsi sai ya fito ya karɓi odar baƙi, don shi ke jin harsunansu. Amma kai tire aikin Sotir ne, ba ya barin kowa. Zai jero ɗanyen kifi ya kai gaban baƙo ya zaɓa da idonsa, sannan ya buga ƙirji ya faɗi abin da ya haddace cikin harsuna huɗu: “Ɗana ne ya kamo shi yau da safe.” Maƙwabta kifin keji suke sayarwa, wato na kiwo, kowa ya sani. Wannan maganar ita ce ta cika masa tebura.

Ranar Talata wata mata da mijinta daga Poland suka kira shi suka yaba. Spiro ya fassara: wai ba su taɓa cin kifi mai laushi haka ba, ƙayar ma da kanta take rabuwa da nama. Sotir ya yi murmushi ya yi godiya, amma hannun ɗansa yake kallo. Yatsu biyar a kan biro, biyar a kan takarda. Ya ƙirga su sau biyu.

Bai tambaye shi ba. Ya san ɗansa: in ka matsa masa sai ya rufe baki, ya yi sati bai buɗe ba. Sai ya shiga sa ido. Da Spiro ya miƙo masa kofin kofi, ya kama wuyan hannunsa kamar zai duba agogo, ya sunsuna. Warin nakiya ba ya fita da sabulu, yana kama da man inji da aka zuba wa sukari. Warin kifi kawai ya ji. Ya lura kuma yaron ba ya kallonsa ido da ido. In ya yi masa magana sai ya karkatar da kai gefe, ya ba shi rabin fuska. Da rana Spiro ya kai wa wani tebur salatin da ba su ce ba, ya manta cukuwin da suka ce. Sotir ya kira shi daga wajen garwashi har sau uku bai waiwayo ba. Wanda ke da abin ɓoyewa haka yake yi, in ji Sotir a ransa.

Da ya faɗa wa Katina, ba ta ɗago daga kaskon barkono ba. Ta ce wata guda da ya wuce yana ƙorafin kifi ya yi kaɗan, yau kuma yana ƙorafin ya yi yawa, to ya faɗa wa teku adadin da yake so. Ya ce ta zo ta ga ƙashin. Ta ce ita shekara talatin tana dafa kifi ba ta taɓa tambayarsa yadda ya mutu ba.

“Kai dai tsoho, tun ranar da aka haifi yaron nan kake binne shi,” ta ce. “Matsa, kana tare mini haske.”

Ranar Laraba, da Spiro ya shiga barci, Sotir ya cire rigar girki ya gangara gaɓa. Jirgin na kan tsakuwa a inda ya saba. Ya tsaya ya daɗe a gefensa kafin ya leƙa, bai shiga ba, ya dai miƙa hannu. Kwandon mamari, doguwar igiyar kamun kifi, yana nan a ƙarƙashin benci, ƙugiya ɗari uku a jere a bakinsa. Igiyar a bushe take ƙamas. Wasu ƙugiyoyin har sun fara tsatsa, babu ko ɓurɓushin abin ɗanawa a jikinsu. Ya ɗaga buhu ya ga gilashin nutso da takalman roba masu faɗi, bai ba su muhimmanci ba, kowane saurayi a ƙauyen yana da su. A ƙarƙashinsu ne ya ga kwalin sigari, saura kara huɗu a ciki. Spiro ba ya shan taba. Ko hayaƙinta ba ya so.

Ya hau tudu da kwalin a aljihu. A bakin titi ya tarar da Miho zaune kan ganga, motoci sun ɗan yi sauƙi. Ya ciro kwalin ya ajiye masa a cinya. Miho ya juya shi da babban yatsa, ya zaro kara ɗaya ya sa a baki.

“Ɗan sandan gidanmu ya yi kamu,” ya ce. “Kunna mini.”

“Yaya, ba wasa nake ba. A jirginsa na samu. Mamarin ya yi sati biyu bai taɓa ruwa ba.”

Miho ya ce ya sani. Ya ce irin wannan tabar mutum ɗaya ke shan ta a duk gaɓar, wani daga ƙauyen bayan tsauni mai jirgi da inji biyu, kuma ba ya ba kowa nakiyarsa ya riƙe, ko ɗan cikinsa. Sotir ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa. Ya ce to ashe saye yake yi, ba jifa ba. Miho ya cire tabar daga baki ya dube shi kamar yadda yake dubansa suna yara.

“Ka manta aikin ne, ko so kake ka manta? In an jefa, nawa ke tasowa sama?”

Sotir bai manta ba. Kashi ɗaya ke tasowa, kashi uku su nutse. Dole a samu mai nutso ya bi su ƙasa ya tsinto, kuma da kifi ake biyansa. Mai jifa kuwa in ya hango wani garken ya taho cin gawar 'yan uwansa, ba kullum yake tsayawa ya tabbatar mai nutso ya fito ba.

“Kwana uku ina kallonka kana ƙirga masa yatsu,” in ji Miho. “Saboda ni ka ɗauka a hannu kawai take cizo. Je ka tsaya ta hagunsa ka kira sunansa.”

Spiro ya riga ya tashi, yana bayan ɗakin girki yana yanka lemun tsami. Sotir ya lallaɓa ya tsaya ta hagunsa, taku biyu tsakaninsu. Ya kira sunansa a hankali. Wuƙar ta ci gaba da aiki. Ya ƙara murya. Wuƙar ba ta tsaya ba. Daga nan ya hango farin abu a cikin kunnen, auduga ce, gefenta ya yi ruwan ƙasa. A bakin murhu kuma ga wani ɗan kofi da man zaitun yana ɗumi. Sati guda ke nan yana ganin kofin nan a wurin bai tambaya ba.

Katina ta ga inda idonsa ya tsaya. Ta ce ai ciwon kunne ne na masu iyo, ruwa ne ya shiga, shi ya sa take ɗiga masa mai safe da yamma, kuma yaron ne ya roƙe ta kada ta faɗa don ya san halin ubansa. Tana magana muryarta na raguwa, don ta ga fuskar mijinta.

Sotir ya zagayo ta dama ya taɓa kafaɗar ɗansa. Ya ɗauko koce ɗaya daga kan ƙanƙara, ya riƙe shi ta wutsiya, kifin ya ninke biyu. Spiro ya kalli kifin, ya ajiye wuƙa.

Bai yi musu ba. Ya ce sau ɗaya ne aka jefa yana ƙasa, kuma da nisa, mutumin ya ba shi haƙuri har ya ƙara masa rabo. Ya ce kunnen yana warwarewa, jiya ma ya ji ƙarar mota da shi. Sotir ya tambaye shi me ya kai shi.

“Baba, ƙugiya ɗari uku nake ɗanawa in ɗago huɗu. Ka tuna abin da ka ce mini a watan jiya? Ka ce tebur goma sha biyu, kifi huɗu, da wane ido za ka fita da tire. Ka ce ko in je in koyi aikin a wurin mata.”

Sotir ya tuna. A gaban Miho ya faɗa, har Miho ya yi dariya.

Sai ga Miho ya leƙo ya ce mutanen Poland sun dawo, sun kawo abokai shida, an haɗa musu tebur biyu, kuma kifin jiya suke tambaya. Tiren yana nan a shirye, kifi goma sha ɗaya a kan ganye, idanunsu na sheƙi. Babu baƙon da zai gane. Katina ta ce tunda an riga an kamo, a sayar da na yau, gobe a san abin yi. Spiro ya karkatar da kai yana jiran abin da ubansa zai faɗa.

Sotir ya ɗauki tiren. Ya yi taku uku wajen tebura, ya hango matar tana ɗaga masa hannu, ya ji maganar nan ta harsuna huɗu ta zo masa baki. Ya san in ya faɗe ta yau, gobe da asuba yaron zai nemi abin da zai cika ta. Ya juya ya mayar da kifin cikin akwati, ya rufe, ya fita da tiren ba komai a kai.

Ya sa Spiro ya gaya musu yau babu kifi, akwai barkono da aka cusa wa shinkafa, da cukui gasasshe, da wake a kasko. Suka yi shawara da harshensu. Mutum shida suka tashi da fara'a suka tsallaka wurin maƙwabci. Matar da mijinta suka zauna, ƙila don kunya. Miho ya bi shidan da kallo, ya ce ga kifin keji ya samu baƙi.

Washegari Katina ta kai Spiro asibiti a mota. Likita ya ce fatar cikin kunnen ta huje, a daina zuba mai, kada ruwa ya taɓa shi wata biyu, ji kuma sai abin da aka gani. Da yamma Sotir ya zauna da kwandon mamari a gabansa yana sauya ƙugiyoyin da suka yi tsatsa.

Ranar Juma'a gari na wayewa ya tsaya a gefen jirgin, ruwa na taɓa masa idon sawu. Shekara ashirin da wani abu rabon Sotir da shiga jirgi. Spiro ya ce ba sai ya zo ba, ai ya yi masa alkawari ba zai sake bin mai nakiya ba. Sotir ya ce ya ji alkawarin, ya ɗaga ƙafa ya shiga. Ya zauna ta damar yaron ya riƙe bakin jirgin da hannu biyu. Da suka wuce bakin dutse wani jirgi mai inji biyu ya gifta can nesa, Spiro bai kalle shi ba. Sotir ya lura da cewa bai kalla ba, ya yi ta juya abin a ransa har suka kai wurin ɗanawa.

Kifi biyar suka dawo da shi, biyu ƙanana. Sotir da kansa ya cire su daga ƙugiya. Duk da haka, da ya zauna a bayan ɗakin girki da wuƙa da bokiti, sai da ya buɗe bakin kowanne ya zura yatsa ya laluba.