Feshin Albasar Lirwanu

Keke napep ɗin na tsalle a kan hanyar Danchadi zuwa Bodinga, Hajo kuma tana riƙe da kan mijinta a cinyarta don kada ya bugi ƙarfe. Yawu na zuba daga bakin Lirwanu ba ƙaƙƙautawa, har ya jiƙe mata zane. Numfashinsa na fita da gurnani kamar ruwa na tafasa a ƙirjinsa.

Da hantsi ne maƙwabtan lambu suka kawo shi gida ranga-ranga. Tun safe yake feshin maganin ƙwari a albasarsa, ashe tankin da ya goya yana yoyo, yana jiƙa masa baya, shi kuwa ya zaci gumi ne. Yayansa Attahiru, wanda ke zaune kusa da direba, ya waiwayo da gorar nono a hannu.

"Buɗe mai baki a ɗura, nono na kashe guba."

"Yaya, ba ya iya haɗiyewa," in ji Hajo. "Mu dai isa."

A asibitin, wata nas ce ta tare su a baranda. Siririya ce, ba za ta girmi Hajo ba. Tana matsowa ta ja hanci, sannan ta ɗaga fatar idon Lirwanu. Baƙin tsakiyar idon ya tsuke ya koma kamar kan allura.

"Feshi ya yi?"

"Feshi, Malama. Albasa."

"Sunana Ramla. Ku sa shi kan gadon can, ku kwantar da shi a gefensa." Ta dubi gorar da ke hannun Attahiru. "Baba, an ba shi wannan?"

"Yanzu nika son ba shi."

"Allah ya taimake mu da ba a ba shi ba. Da huhunsa zai tafi. Nono da manja ba sa kashe wannan gubar."

Ta sa safar hannu, ta ɗauki almakashi ta tsarge rigar Lirwanu ta jefa a leda. Ta ce da wani ma'aikaci ya wanke jikin da sabulu da ruwa mai yawa, domin muddin maganin na kan fata, shiga yake ci gaba da yi. Ita kuma ta sa masa robar oksijin, ta nemi jijiya a hannunsa, ta fara fasa wasu ƙananan kwalabe tana zuƙewa a sirinji.

Likita yana ɗakin tiyata, ana ciro wa wata mata jariri. Ramla ta tura aka faɗa masa, saƙo ya dawo cewa ta ci gaba da allurar atirofin, makarin irin wannan guba, yadda aka saba, yana nan tafe da zarar ya rufe ciki.

Ta yi allurar, ta sa abin sauraron ƙirji, ta jira kaɗan. Ta girgiza kai. Ta fasa wasu kwalaben, wannan karon ninkin na farko. Ta sake saurare, ta taɓa bugun hannunsa, ta sake ninkawa. Kwalaben da aka fasa suka taru a tire.

Attahiru ya kasa haƙuri.

"Malama, wagga allura ba ta yi yawa ba? Mutum guda fa na. Ko mu ɗauke shi mu tahi Sakkwato?"

Ramla ba ta ɗago ba, amma muryarta a tausashe take.

"Baba, a yadda yake ba zai kai Sakkwato ba. Gubar ta buɗe duk wata kafar ruwa a jikinsa, ruwan yana cika masa huhu. Wannan allurar ita ke rufe su. Ba da yawan kwalba nake aunawa ba, da ƙirjinsa nake aunawa. In ya bushe, zan tsaya."

Hajo na tsaye jikin bango. Ba ta gane komai ba sai kalma ɗaya: bushewa. Ta kama ta tana roƙon Allah da ita. Kanta ya fara sarawa, ta tofar da yawu a gefen mayafi, ta sake tofarwa. Ta ɗauka tsoro ne.

Ramla ta juyo za ta ɗauki auduga, idonta ya faɗa kan zanen Hajo. Ta tsaya.

"Ke kika riƙo shi?"

"Ni ce."

"Zo nan." Ta duba idanunta, ta kama hannunta tana jin bugun jini. "Kina shayarwa?"

"Ina da ɗiya, tana gida wurin kakarta."

"Kin ɗibi gubar daga jikinsa ke ma, amma kaɗan ne. Ga banɗaki can, ki cire komai, ki yi wanka da sabulu har gashin kai. Kada ki ɗauki yarinyar sai na sake duba ki." Ta buɗe wata jaka a ƙarƙashin tebur ta zaro doguwar riga da hijabi. "Nawa ne na komawa gida. Sa su."

Hajo ta yi wankan tana kuka a hankali. Tunaninta na kan ɗiyarta Hafsat, wadda da ta koma gida abin da za ta fara yi shi ne ta rungume ta a wannan zanen, ta ba ta mama.

Da ta fito, ɗakin ya yi tsit. Gurnanin nan ya ɗauke. Gabanta ya faɗi, ta dafa ƙofa. Sai ta ga ƙirjin Lirwanu na hawa yana sauka a natse. Ramla ta cusa hannu a hammatarsa, ta fiddo ta nuna wa Attahiru safar.

"Ka gani, Baba? Ba gumi. Ya bushe."

Attahiru ya tsuguna a ƙasa ya ɗaga hannuwa sama. Ya daɗe a haka.

Likita ya iso da kayan tiyata a jikinsa, ya saurari ƙirjin, ya tambayi abin da aka ba shi, ya ce madalla, a ɗaura sauran a ƙarin ruwa ya riƙa shiga a hankali. Ramla ta gargaɗe su cewa ba a gama ba. Gubar kan dawo, don haka zai yi kwanaki a nan. Ta ce in sun ji yana sambatu kada su tsorata, aikin allurar ne, su kira ta ta rage.

Bayan la'asar Lirwanu ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallon Hajo cikin rigar da bai sani ba. Ya motsa harshe da ƙyar.

"Bakina... ya bushe awa ƙasa."

"Abin da munka wuni nema ke nan," in ji Attahiru, yana share ido da hularsa.

"Albasar gefen rijiya... ban gama ba."

Hajo ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta.

Ta fita neman Ramla, ta same ta a kan benci bayan ɗakin magani, ta cire takalma, tana cin ɗanwaken da ya yi sanyi tun rana. Hajo ta durƙusa a gabanta. Duk maganar da ta shirya ta gudu.

"Malama, Allah shi jiƙan mahaifa."

"Amin. Suna raye, amma suna so." Ramla ta yi murmushi, ta matsa gefe. "Tashi ki zauna. Ciwon kan ya sauka?"

"Ya sauka."

"To wanke hannu. Na san ke ma ba ki ci komai ba."

Hajo ta wanke hannu, ta zauna, suka ci a kwano ɗaya.