Kwanan Wata a Saman Allo

Shekara ashirin da biyu ina koyar da lissafi, kuma kullum abin da nake fara yi shi ne rubuta kwanan wata a can saman allo. Sai ga shi kafaɗata ta dama ta fara yi min gardama. Da farko ɗan ciwo ne kawai idan na kai hannu baya zan ja zif. Maigidana, wanda ba ya son ko ƙuda ya sauka a kaina, ya ɗauko tsohon gyalena ya rataye min hannun a wuya.

"Hutu take so," in ji shi.

Wata uku hannuna yana rataye, da hagu nake lallaɓa rubutu. Shi ke ɗauko min kofi, shi ke taje min kai, ni kuwa sakarya ina ta jin daɗi. Ranar da na kwance gyalen, hannu ya ƙi wuce ƙirji.

Da muka je asibiti, likitar gashin ƙashi ta juya shi, na ƙwala ihu. Ta ce, "Wa ya ce ki ɗaure? Irin wannan kafaɗar motsi take so. Kin hana ta, ta sandare."

Na juya na harari maigida. Ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa.

A makaranta kuwa rubutuna ya koma ƙasan allo, 'yan layin baya sai sun miƙe tsaye suna leƙe. Hedimasta ya kira ni ofis. "Malama, iyaye sun fara ƙorafi. In aka dawo hutu a haka, sai dai ki koma kula da ɗakin littattafai." Ni! Ɗakin da ko ɓeraye sun gaji da shi. Raina ya ɓaci, na tashi na fita.

Hutun nan kaf a jikin bangon falo na yi shi. In gasa kafaɗa da tawul mai zafi, in dafa bango, yatsuna su riƙa hawa a hankali kamar gizo-gizo. Inda suka tsaya in ja layi da alli. Wani satin layin ko gezau. Ina yi ina hawaye, ina tsine wa gyale.

"Ya isa haka mana," maigida ya ce wata rana, ya kama min gwiwar hannu. "Kuka fa kike yi."

"Baban yara, tausayinka ne ya kawo ni nan. Matsa."

Ya matsa. Daga ranar shi ke riƙe min alli.

Da aka koma makaranta, na tarar da makullin ɗakin littattafai a kan teburina. Ashe hedimasta bai ma jira ya gani ba. Na wuce ajina kai tsaye, na same shi yana gabatar wa yarana wani sabon malami.

"Ɗan ara min allinka," na ce wa sabon.

Wani ya riga ya rubuta kwanan wata a tsakiyar allo. Na zaro gyalen nan daga jaka na goge shi tas. Sannan na ɗaga hannu. Kafaɗar ta yi zafi kamar ana zare ta, na cije leɓe, na rubuta shi a can sama, inda yake zama.

Na miƙa wa hedimasta makullinsa. Gyalen kuwa yana rataye a ƙusar allo, da shi muke goge-goge har yau.