An Ƙara wa Malamai Albashi

Saani ya mutu da yaƙinin cewa kuɗi ne ke cin wasa. Ya yi shekaru yana gadin motoci a wani gareji kusa da babban filin besbol na Bronx, wasan nan da Amurkawa ke dukan ƙwallo da kulki su ruga a guje, amma bai taɓa shiga filin ba. Daga ihun 'yan kallo yake gane abin da ake ciki. Ra'ayinsa bai taɓa canzawa ba: ƙungiyar da ta fi biyan 'yan wasanta ita ke ɗaukar kofi, in kuwa ba ta ɗauka ba, to biyan ne bai isa ba.

Ƙanensa Haruna, wanda ya yi digiri a jami'ar Legon kafin Allah ya ɗaukaka shi zuwa tuƙin tasi, ba ya yarda.

"Yaya, rabin masu tsadar nan suna kwance suna jinya, albashinsu na tafiya. Ƙungiyar talakawa ta zo ta lallasa su a gidansu."

"To sai a ƙaro wasu," in ji Saani. "Kai dai ko labarin kashe kuɗi ka ji, sai kanka ya fara ciwo."

Gida ɗaya suke zaune a unguwar Concourse Village, su biyu da Zuweira matar Haruna. Ranar da hawan jini ya kayar da Saani a bakin gareji, likitoci suka ce sai dai a jira, Haruna ya yi abin da ya daɗe yana yi wa dariya: ya shiga sayen 'yan wasa. Ya kira Malam Amadou, dattijon da ke katanga ɗaya da mahaifiyarsu a Kumasi, ya ce a tara malamai a riƙa saukar Alƙur'ani. Da aka yi mako babu sauyi, ya ce a ƙaro wasu. Kowane ƙari sai da ya yi cinikinsa kamar mai sayen albasa, Malam na cewa abin ba ciniki ba ne, sadaka ce, shi kuwa yana cewa sadakar ma ai tana da farashin bara.

"Baban Rufaida, ashe kai ma ka zama mai ƙungiya," in ji Zuweira. "Yaushe za mu ga kofin?"

Saani ya cika a ƙarshen Satumba. Washegari aka binne shi a wata maƙabarta a New Jersey, inda Musulmi ke da ɗan yanki a bayan itatuwa.

Tun kafin a wanke hannu, Kawu Abdulai na unguwar Tremont, yayan mahaifiyarsu, ya kafa doka. Ba a gaya wa uwa mutuwar ɗanta ta waya, balle tasu uwar, Mma, da zuciyarta mai ciwo ke neman dalili. Shi zai tafi da ƙafarsa, ya zauna a gabanta, ya faɗa mata kamar yadda ake faɗa. Tikitin da ya samu sai mako na sama. Kafin nan, a ce Saani yana asibiti. Aka bi masallatai ana roƙon jama'a kada wanda ya rubuta ta'aziyya a waya.

"Malamai fa?" in ji Haruna.

"Su ci gaba. Ranar da karatu ya tsaya a bayan katangarta, ranar za ta sani."

Haka Haruna ya wayi gari yana biyan albashin ƙungiyar da wasanta ya riga ya ƙare. Kullum da safe saƙon murya yake tararwa: Malam Amadou yana ba da rahoto, a bayansa muryoyi na tashi suna sauka, ana roƙa wa Saani lafiya. Wani daga cikin malaman har ya yi mafarkin ya gan shi a tsaye, sanye da fararen kaya. Haruna ya ce Allah ya sa alheri ne. A wannan dai malamin bai yi ƙarya ba.

Ɗakin Saani yana nan yadda ya bar shi, don Kawu ya ce kada a taɓa komai sai an faɗa a gida. Ranakun da ake wasa da rana, ihun filin kan biyo ta tagar ɗakin, ya ratso falo. A da, bayan kowane ihu sai murya ta fito daga ciki: "Ka ji aikin kuɗi." Yanzu ihun kan zo, sai a sami ɗan shiru daidai tsawon maganar. Haruna ya lura ba ya iya haɗiye loma sai shirun ya wuce. Wata rana Zuweira ta fito daga kicin ta tambaye shi da wa yake musu. Bai san ya yi magana ba.

A daren Juma'a abin ya ishe shi. Mutane suna can suna ƙona maƙogwaro a kan abin da ya san an riga an rufe shi da ƙasa. Ya aika wa Malam Amadou ninkin abin da ya saba, ba wanda ya roƙa. Ya ɗan ji sauƙi.

Ranar Lahadi bayan azahar waya ta yi ƙara. Mma ce.

"Haruna, kana wajen yayanka?"

"Ina nan kusa, Mma."

"Kai masa wayar. Sa masa a kunne."

Ya miƙe. Zuweira ta bi shi da ido har ya tura ƙofar. Ɗakin na ƙamshin turaren Saani da man takalmi. Ya ɗora wayar a kan matashi, daidai inda kai ya lotsa shi, ya ƙara sautin, ya tsaya hannuwa a baya kamar mai jiran hukunci.

Mma ta kira sunan ɗanta. Ta gaya masa an gyara rufin ɗakin baya, akuyar nan mai taurin kai ta haihu, ta kuma yafe masa nonon da ya sha. Can waje filin ya ɗauki ihu, ta dakata har ya lafa. Sannan ta ce, "Allah ya jiƙanka, Saani. Allah ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi. Haruna, ɗauki wayarka."

Ya ɗauka.

"Wa ya gaya miki?"

"Malam ya shigo jiya yana ta sa maka albarka, wai ka ninka musu ba tare da ya buɗe baki ba. Ni na haife ka. Da akwai sauran abin da za a saya, da ka yi ciniki."

Haruna ya zauna a bakin gadon.

"Yaushe kawunku zai taso?"

"Laraba."

"To kada ka gaya masa na sani. Tsoho ne, ya sayi tikiti, yana can yana shirya yadda zai fara. Bar shi ya zo ya yi aikinsa. Ni ma zan yi nawa."

"Malaman fa, Mma?"

"Su ci gaba har Laraba," ta ce. "Ina jin su ta katanga. In sun yi shiru yanzu, ban san me zan ji ba."