Jaridu Goma Sha Ɗaya a Ƙofar Gida

Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da tarihi a sakandaren garinmu, a jihar Ohio ta Amurka, kuma duk tsawon lokacin ina sayen jaridar gari. Na daina ne ranar da suka sallami ɗan rahotonsu na ƙarshe. Abin da ya rage a cikinta tallan katifa ne da sanarwar mutuwa, ni kuwa masu mutuwar duk na san su, ba sai an buga mini ba.

Bayan wata biyu sai ga ta ta dawo da kanta, wai kyauta. Laraba da Asabar wata mota takan ratsa layinmu, a wurgo ta cikin leda bakin garejina. Sau uku ina buga waya a daina. Daga nan na ce wanda ya zubar da shararsa ya zo ya kwashe. Na bar su nan, ruwa ya jiƙa su suka kumbura.

Kuskurena ke nan. A garinmu in jaridu suka taru a ƙofar tsohuwa, ma'anarsa ɗaya ce. Da suka kai goma sha ɗaya, maƙwabciyata Arlene Yoder, wadda ta kasa tako ƙafa ta ƙwanƙwasa mini, ta kira 'yan sanda. Ina can wajen mai gyaran gashi suka ɓalle ƙofar baya suna neman gawata. Da ba su samu ba, suka kira 'yata Maureen daga birnin Columbus.

Ta iso da takardun wani gidan kula da tsofaffi da ta yi shekara biyu tana yi mini tallansa.

"Mama, mai hankali ba ya barin jarida goma sha ɗaya a waje."

"Mai hankali ba ya karanta ta dai."

"Kin ce kin buga musu waya. Na tambaya, sun ce ba su taɓa jin muryarki ba. Ranar Litinin likita zai duba ƙwaƙwalwarki. In ya ce akwai matsala, za mu sayar da gidan nan naki."

Na saka ta a mota, ni na tuƙa, muka nufi ofishin jaridar. Ɗaki ɗaya ne yanzu a saman shagon wanki. Editan, Gordon Pruitt, ɗalibina ne a da, kuma tun yana aji uku bai taɓa rubuta jimlar da ta isa ƙarshenta lafiya ba. Na ce Maureen ta jira a waje.

"Malama Kovach! Ashe kina raye."

"Ka so ka samu abin bugawa ko? Wa ya ɗauki wayata sau uku?"

Ya sosa ƙeya. "Ni ne, Malama."

"To fita ka gaya wa 'yata."

"Malama, ki gane. Masu talla adadin gidaje suke tambaya. Duk gidan da aka jefa wa, mai karatu ne. In na cire ki, gobe layinku duka za su buga waya. Jarida kuwa ita ce ginshiƙin dimokuraɗiyya, ke kika koya mana."

"Na koya muku. Ban san katifa za ka sayar da ita ba."

Ya yi ɗan murmushin da yake yi in an kama shi da satar amsa. Ya ce zai gaya wa Maureen gaskiya, har ranakun da na kira, amma da sharaɗin sunana ya zauna cikin jerin waɗanda ake jefa wa jaridar, kuma kada in zuga maƙwabta.

Na dube shi, na tuna kicin ɗina da itacen tuffan da marigayi mijina ya dasa. Na ce ya kira Maureen.

Ya yi bayani tiryan-tiryan, har da cewa bai taɓa ganin kaifin ƙwaƙwalwa irin tawa ba. Maureen ta yarda nan take. Maganar uwarta ba ta ishe ta ba, amma ta ji daga bakin ɗan jarida. Ta soke ganin likita, ta biya kafinta ya gyara ƙofa, ta koma Columbus.

Gidana yana hannuna. Laraba da Asabar nakan fita da sanda, in sunkuya da wannan ƙugun nawa mai ciwo, in ɗauki ledar, in ɗaga ta sama Arlene ta gani ta taga, sannan in jefa ta kwandon shara ko kwancewa ban yi ba.